San Sunan Abu Kafin Ka Biya Kuɗinsa: Kalmomin Taifin Da Tsara Bugu

Ina gaida mutanen Gumel ta Lautai, da na Maigatari bakin iyaka, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, da duk wanda wannan magana ta iske a wayarsa, ko yana gida ko yana ci-rani.

Yau maganar shagon kwamfuta za mu yi. Dukkanmu muna shiga: ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da zai buga furojet, mai neman aiki da zai haɗa takardar tarihin karatunsa, dangin amarya masu son katin biki, ɗan kasuwa mai son fosta. Abin da na lura da shi, yawancin rigimar da ake yi a irin waɗannan shaguna daga rashin sanin sunan abu take tasowa. Mutum zai miƙa takarda ya ce, "Malam, a buga min wannan, a yi shi ya yi kyau." Mai shago ya ce, "An gama, Alhaji." To, kyau a wurinka daban, a wurinsa daban. Sai an buga kwafi ɗari biyu sannan a fara "ai ba haka na ce ba". Takarda ta tafi, tawada ta tafi, kuɗi sun tafi, wani lokacin har zumunci ya taɓu. Da ka san kalmar, magana ɗaya ta wadatar.

Mu fara da raba aiki biyu da ake cakuɗawa.

Na farko shi ne sarrafa rubutu, wanda muke ce wa taifin. Wasiƙa, furojet, takardar yarjejeniya, duk abin da rubutu ne zalla yake gangarowa daga layi zuwa layi, daga shafi zuwa shafi. Manhajar da ta fi shahara a nan ita ce Microsoft Word, wadda ta fara fitowa a 1983. A waya kuma akwai WPS Office da Google Docs.

Na biyu shi ne tsara bugu, wanda masu sana'ar ke taƙaitawa da DTP. A nan shafin kamar fili ne aka ba ka, kai za ka yanke inda kowane abu zai zauna: hoto a nan, suna a can, ado a gefe. Katin biki, fosta, kalanda, bangon littafi, mujalla. Wani Ba'amurke mai suna Paul Brainerd ne ya raɗa wa wannan aiki suna, shi ne mai kamfanin Aldus da ya fitar da manhajar PageMaker a 1985. CorelDRAW da kuke gani a kusan kowane shago ta zo a 1989 daga Kanada, InDesign kuma a 1999. Kafin wannan, a zamanin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, haruffan dalma ake jerawa a maɗaba'a. Yau ga shi yaro da laftof ɗaya yana yin aikin da a da sai ma'aikata da yawa. Don haka tambayar farko da za ka yi wa kanka: aikina na taifin ne ko na tsarawa? Farashinsu ma ba ɗaya ba ne.

To, mu zo kan takarda. Girman da aka saba shi ne A4, faɗinsa milimita 210, tsayinsa 297. Ka ninke shi biyu, ka sami A5, girman ƙananan littattafai da katuna da yawa. Ka haɗa A4 biyu gefe da gefe, ka sami A3, na ƙaramar fosta. Takarda tana iya zama a tsaye, wato fotiret, ko a kwance, wato lanskef. Wasiƙa a tsaye ake yi, satifiket da jadawali mai faɗi kuma galibi a kwance.

Sai majin, wato farin filin da ake bari a gefuna huɗu na shafi. Word kan bar inci ɗaya, santimita 2.54 ke nan. Ɗalibai ku saurara da kyau: idan za a yi wa aikinku bayindin, gefen hagu yana buƙatar ƙarin fili, in ba haka ba ɗinkin zai cinye farkon kowane layi. Wannan ƙarin shi ake kira gota. Kowace makaranta da ƙa'idarta, saboda haka ka tambayi malamin da ke duba aikinka kafin ka je shago, ba bayan an buga ba.

Yanzu haruffa. Fon shi ne salon harafi, kamar yadda kowane mutum yake da irin rubutun hannunsa. Times New Roman, wanda aka zana wa jaridar Times ta Landan a 1932, yana da 'yan ƙafafu a ƙarshen haruffa. Arial da Calibri ba su da su. Girman harafi da foyin ake auna shi, foyin 72 ne inci ɗaya. Rubutun karatu 12 ya isa, kanun magana 14 ko 16. Bol shi ne kaurara harafi, Ctrl da B. Italik shi ne karkatar da shi, Ctrl da I. Ja masa layi a ƙasa kuma Ctrl da U. Shawara: ka ɗauki ɗaya. Wanda ya kaurara, ya karkatar, ya ja layi, ya kuma sa ja a kalma ɗaya, kamar wanda ya sa hula uku ne a kai.

Ga inda abin ya shafe mu mu Hausawa kai tsaye: haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Wasu suna ganin ado ne. Wallahi ba ado ba ne. Ka ɗauki katin biki, ana son a rubuta "manyan baƙi", aka bar ƙugiya, ya koma "manyan baki". Ka gayyaci dattawan gari, ka kuma ce musu masu manyan baki! Haka "ƙasa" da "kasa", "ƙafa" da "kafa". Ƙugiya ɗaya, ma'ana ta juye.

Yaya ake samunsu? A waya abu ne mai sauƙi, ka ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, za ka same su. A Word na kwamfuta kuma kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode. Ka rubuta U+0199 ka danna Alt da X tare, zai zama ƙ. U+0257 shi ne ɗ, U+0253 shi ne ɓ. Manyansu: U+0198 Ƙ, U+018A Ɗ, U+0181 Ɓ. Ku rubuta waɗannan shida a takarda ku manna a jikin tebur. Amma fa ba kowane fon ne yake ɗauke da su ba, musamman masu kwalliyar nan da ake so a katin aure. Idan fon bai da ƙ, ko dai wani ɗan akwati ya fito a wurin, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani fon, ka ga ƙ ɗin ta fita daban kamar baƙuwa a cikin dangi. Kafin ka zaɓi fon, buga haruffan nan shida ka gani. Noto na Google da Charis SIL kyauta ne, kuma suna da su cikakku.

Mu shiga sakin layi. Daidaita rubutu iri huɗu ne: jingine da hagu, jingine da dama, tsakiya wato santa, da jastifai, inda gefe biyu suke miƙewa sambal kamar na jarida. Tsakiya Ctrl da E, jastifai Ctrl da J. Ina roƙon masu koyo, don Allah ku daina tura kanun magana tsakiya da dogon maɓallin nan na sarari. A idonka ya zauna daidai, amma da an canja fon ko an buɗe a wata kwamfutar, sai ya zame. Haka masu danna Enter sau goma don su sauka sabon shafi. Akwai abin da aka tanada, sunansa yanke shafi, Ctrl da Enter. Da shi, ko ka ƙara rubutu a babi na ɗaya, babi na biyu yana nan a saman shafinsa.

Tazarar layi ita ce nisan da ke tsakanin layi da layi: 1, ko 1.5, ko 2. A manhajojin tsara bugu za ku ji ana ce mata ledin, sunan kuma daga dalma ya samo asali, don a da siraran dalma ake cusawa tsakanin layuka. Heda ita ce rubutun da ke maimaituwa a saman kowane shafi, futa kuma a ƙasa, inda lambar shafi ta fi zama. Lambar shafi ba da hannu ake bugawa ɗaya bayan ɗaya ba, sau ɗaya ake sa ta, ta bi shafukan da kanta.

Sai ajiya. Mun san halin wutar lantarki a wajenmu, to Ctrl da S ya zama kamar numfashi, duk bayan 'yan layuka ka danna. Ka yi kuskure, Ctrl da Z ya mayar da kai baya. Fayil ɗin Word yana ƙarewa da docx, ana iya gyara shi, kuma shi ya sa yake iya hargitsewa a wata na'urar. PDF kuwa, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, yana kulle tsarin yadda ka bar shi. Ƙa'idar ita ce: docx na gyara, PDF na bugawa da turawa. In ka biya kuɗin taifin, ka ce, "Malam, a tura min duka biyun." Haƙƙinka ne, kuma gobe ba sai ka sake biyan kuɗin bugawa daga farko ba.

A ɓangaren tsara bugu, kalmomi biyar nake so ku riƙe.

Ɗaya, akwatin rubutu. A CorelDRAW ko Canva rubutu a cikin akwati yake zama, ka ja shi duk inda kake so.

Biyu, rezolushan, wato yawan ɗigon da ke cikin hoto. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da zai cika A4 yana buƙatar kusan fiksel 2480 a faɗi, 3508 a tsayi. WhatsApp yana matse hoto, shi ya sa fuskar ango take fitowa dishi-dishi a kalanda. Ku tura hoto a matsayin fayil, ta wajen da ake tura takardu.

Uku, launi. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin bugu kuma da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Shi ya sa koren da ya ɗauki idonka a waya yake fitowa a dushe a takarda. Ba lallai mai shago ne ya cuce ka ba.

Huɗu, bilid. Ƙarin milimita 3 ne da ake bari launi ya zarce iyakar kati, don in an zo yanka kada farin layi ya fito a baki.

Biyar, furuf, kuma wannan ya fi duka. Kwafi ɗaya ne na gwaji. Ka riƙe shi a hannu, ka karanta sunaye, rana, lokaci, wuri, lambar waya, ka ba wani ma ya karanta. Sai ka ce a buga sauran. Masu CorelDRAW kuma, kafin ku kai aiki wani injin, ku mayar da rubutu zane da Ctrl da Q don kada fon ya canja. Amma ku ajiye kwafin asali, don rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa.

'Yan uwana na Maigatari, ku da kuke hulɗa da mutanen jihar Damagaram, musamman ranar Alhamis ta kasuwa, akwai abu biyu naku. Kibod ɗin da aka saba da shi a Nijar na Faransanci ne, layinsa na sama da AZERTY yake farawa, namu kuma QWERTY. A da Q sun yi musanyar wuri, haka W da Z. A Word na Faransanci ma, kaurara harafi Ctrl da G ne. Sannan abin da muke rubutawa 'ya'ya, su ƴaƴa suke rubutawa, da y mai ƙugiya, lambarta U+01B4. In baƙo daga ƙetare ya kawo maka aiki, tambaye shi wanne yake so. Wannan 'yar tambayar kaɗai tana iya sa ya dawo wurinka mako mai zuwa.

Ga aikin gida. Kowa ya buɗe manhajar rubutu a wayarsa, ya rubuta wasiƙar neman aiki shafi ɗaya da Hausa: A4 a tsaye, fon 12, kanu a tsakiya da bol, ƙugiyoyi cikakku, sannan ya ajiye ta a PDF. Wanda ya iya wannan, ya riga ya taka matakin farko na sana'ar da ake ci da ita a garuruwanmu. Ƙannena mata, har da ku, don wannan aiki ne da ake yi daga cikin ɗaki.

A nan za mu dakata. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin buga furojet ko katin biki. Allah Ya sa wa neman kowa albarka, Ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya. Wassalamu alaikum.