Lasin Tuƙa Tirela: Abin da Ya Kamata Matasanmu Su Sani Kafin Jarrabawa

 

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wata sana'a da matasanmu za su iya kamawa ba sai sun jira aikin gwamnati ba. Ni da nake cin albashin gwamnati na san yadda layin neman aikin yake da tsawo, saboda haka na zaɓi tuƙin tirela. Na ga wasu sun yi murmushi. To, duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Ɗangora na awa guda, ya ga abin da ke wucewa tsakanin Kano da Zariya, da abin da ke karkatawa ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa da Jos, ya san dukiyar ƙasar nan a bayan tirela take tafiya. Shinkafar Tudun Wada, masarar Doguwa, shanu, taki, siminti da man fetur, duk ita ke ɗauka. Yaranmu na Ɗansoshiya da Kiru da Bebeji suna cikin waɗannan motoci, amma da yawansu a matsayin yaran mota, masu sa waigi da ɗaure tamfol. Wani ya shekara bakwai yana bin ubangidansa, ya iya tuƙi sarai, amma ba shi da takardar da za ta sa babban kamfani ya danƙa masa makulli.

Lasin tuƙi a Nijeriya aji-aji ne. Wanda yawancinmu muke da shi a aljihu ajin B ne, na ƙananan motoci. Mota mai kai da bodi, wato wadda kan yake jan bodin da ake iya cirewa, ajinta G ne. Mai ajin B da ya hau tirela, a idon doka daidai yake da wanda ba shi da lasin sam, kuma ran da tsautsayi ya faɗa, kamfanin inshora ya sami hujjar zame jiki. Hukumomi uku ne ke da hannu a ciki. Jami'an duba motoci na jiha, waɗanda muke kira VIO, su ke yin gwaji. Hukumar tattara haraji ta jiha ita ke karɓar kuɗi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu, ta buga katin. Kafin a kai nan sai an bi ta makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita. Mai neman lasin tuƙin haya sai ya kai shekara 26, ba 18 ba kamar na motar gida, sannan ya kawo takardar lafiya daga asibitin gwamnati, musamman ta ido. Wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya kawo muku lasin kuna kwance a gida, ku yi hattara, domin ana shigar da lambar cikin kwamfuta take nuna na jabu ne.

Jarrabawar kashi biyu ce. Akwai ta ilimin dokokin hanya da alamominta, wadda littafin dokokin hanya na ƙasa ya ƙunsa. A nan ne yaranmu suka fi jin tsoro, saboda Turanci, kuma a nan ne nake ganin malamanmu da ke zaune a wannan zaure za su iya taimakawa da darasin yamma. Abu ɗaya da ya kamata kowa ya haddace: iyakar gudun tirela da tanka kilomita 45 ne a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Tun 2017 kuma aka fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya.

Kashi na biyu shi ne gwaji a kan mota, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Farkon abin da ake dubawa shi ne haɗa kai da bodi. A bayan kan motar akwai wani faffaɗan farantin ƙarfe mai baki, a ƙarƙashin bodi kuma akwai wata gajeriyar ƙusa mai kauri. Wannan ƙusa kaɗai ce ke riƙe da dukkan lodin. Direba zai sa waigi, ya tabbata tsawon bodin ya yi daidai da farantin, ya dawo da baya a hankali har muƙamuƙin farantin ya cafke ƙusar. Jin ƙarar kamawa bai isa ba. Sai ya sa giya ɗaya ya ɗan ja gaba alhali birkin bodi na kame, ya ji ta riƙe, sa'an nan ya sauko da tocila ya leƙa ya ga babu sarari tsakanin faranti da bodi. Daga nan ya haɗa wayar wuta da tiyo biyu na iska, ya naɗe ƙafafun bodin har ƙarshe. Wanda ya tsallake leƙawar nan, wata rana zai duba madubi ya ga bodinsa a tsakiyar titi.

Tiyon nan biyu, ja shi ke kai iska tankunan bodi, ɗayan kuma, rawaya ko shuɗi gwargwadon ƙasar da aka ƙera motar, shi ke kai saƙo in an taka birki. Birkin tirela da iska yake aiki, ba da mai ba, kuma akwai hikima a cikinsa: in iska ta zube, wasu ƙarfafan sifirin ne ke danne birkin da kansu. Shi ya sa ake tambayar ɗalibi ya nuna agogon iska, ya faɗi ma'anar ƙararrawar gargaɗi, ya kuma nuna inda ake tsiyaye ruwan da ke taruwa a tanki. Har ila yau iska tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta isa tayoyin baya. A gudun kilomita 60, mota na cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, saboda haka jinkirin rabin daƙiƙa ya kai mita 8 kafin birki ya fara ci. A gangara kuwa, irin waɗanda ake tararwa in an doshi Jos, giya ake saukewa tun daga sama. Wanda ya dogara ga birki kaɗai zai ƙona shi, ya taka ya ji wayam. Masu sakin mota babu giya don tsimin gas, waɗannan ba su da abin cewa ko a gaban VIO ko a gaban Allah.

Sai kwana da baya-baya. Tayoyin bodi ba sa bin sawun na kai, suna yanko kwana ta ciki, don haka dole a buɗe kafin a karya, ana duban madubi saboda mai babur da ke kutsowa. A baya-baya kuma bodi yana tafiya kishiyar inda aka juya sitiyari. Taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi, musamman in bodi ba kaya, shi ke sa motar ta naɗe kamar wuƙar aljihu. Mai sha'awar tanka yana da ƙarin karatu, domin mai yana tangaɗi a ciki, yana tura mota gaba bayan an tsaya. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu bayan faɗuwar tanka, ya ishe mu sanin nauyin abin da ake danƙa wa direba. Allah ya jiƙansu.

Abin da nake roƙon wannan ƙungiya shi ne, cikin asusun da muke taimaka wa masu shiga jami'a, a ware wani kaso don matasa ko da biyar ne a shekara, daga cikin yaran mota da shekarunsu suka kai, a biya musu kuɗin makaranta da na lasin ajin G. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Zariya, wadda aka kafa a 1986, ba ta da nisa da mu, sakatare na iya zuwa ya jiyo tsarinsu da kuɗinsu kafin zamanmu na gaba. Na san akwai masu ganin kuɗin ƙungiyar 'yan boko bai kamata ya tafi tasha ba, kuma ina so mu yi wannan muhawara yau a fili, a ƙaɗa ƙuri'a kafin a tashi.