Bunsurun dutse da bunsurun fili
Jawabi ga masu karatu a makarantun yaƙi da jahilci na Arlit da Akokan

Yau zancenmu na bunsuru ne. Akuya ɗaya ƴaƴanta kawai take ba mu. Bunsuru ɗaya kuwa shi ne uban garke duka. In ya yi kyau, garke ya yi kyau. In ya lalace, shekara ta lalace.

Ku dubi ƙasarmu. Arlit tana fili, ba ta kai mita 500 bisa teku ba. Dutsen Bagazam, cikin Azbin, ƙololuwarsa ta ɗara mita 2000. Duk mita 1000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Ke nan dabbar Bagazam ko Timiya ta saba da sanyi, ta Arlit ta saba da zafi.

Mene ne ruwan bunsuru da wannan? Maniyyinsa ba ya son zafi. Shi ya sa Allah ya rataye marainansa waje da ciki. In bazara ta tsananta, ko zazzaɓi ya kama shi, irinsa ya yi rauni. Sabon iri kuwa yana ɗaukar kusan mako 7 kafin ya nuna. Bunsurun da aka sauko da shi daga dutse cikin watan Mayu yana iya yin barbara, amma awaki su ƙi ɗaukar ciki. Saboda haka a saye shi da sanyi. A yi masa rumfa, a ba shi ruwa safe da marece, da dusa, da harawa, da ɗan gishiri.

Sai zancen iri. Akuyar Sahel doguwa ce, mai dogayen ƙafafu. Tana jure tafiya da ƙishirwa, amma galibi ɗa ɗaya take haihuwa. Jar akuyar Maraɗi gajera ce, tana yawan tagwaye, fatarta ta yi suna har Turai. Tun 1963 akwai gidan kiwonta a Maraɗi. Amma ba ta son doguwar tafiya. Mai kiwon gida a Akokan, in yana da abinci, ya iya ɗaukar jan bunsuru. Mai bin daji ya riƙe dogon.

In kun je kasuwa, ku duba abu huɗu:
1. Ƙirji mai faɗi, baya miƙaƙƙe.
2. Ƙafafu masu ƙarfi, kofato ba tsagewa.
3. Maraina biyu, daidai da juna, ba kumburi.
4. Uwarsa mai nono ce? Ku tambaya.

Kada a sa shi aiki sai ya cika shekara. Bunsuru ɗaya ya ishi awaki 25 zuwa 30. Sauran maza a dandaƙe su, su zama taure, su yi ƙiba. Bayan shekara 2 a sake shi, don kada ya hau ƴaƴansa, iri ya tsumbure.

Cikin akuya wata 5 ne. In an yi barbara a Maris, kafin zafi ya yi ƙarfi, haihuwa za ta faɗo a Agusta, lokacin ɗanyar ciyawa.

Abu na ƙarshe: an rufe ma'adinin Cominak a 2021, amma tulin shararsa yana nan. Kada dabba ta yi kiwo ko ta sha ruwa kusa da shi. Kuma in ma'aikatan dabbobi sun zo rigakafi, a fito da garke duka.

Wanda ya iya rubutu, ya rubuta ranar barbara da ranar haihuwa cikin littafinsa. Allah ya sa albarka.