Kama Da Wane Ba Ta Wane: Jawabi Kan Ɗaukaka Ƙara A Shari'ar Fashi

Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwa mazauna Iddo da waɗanda suka taso daga Agege, ina gaishe ku.

Maganar da zan yi yau mai nauyi ce, domin a dokar Nijeriya hukuncin fashi da makami kisa ne. Sau da yawa kuma hujjar da ake dogara da ita ba ta wuce mutum guda ya miƙe ya ce, "Shi ne, na gane fuskarsa." To jama'a, wanda aka auka wa da dare, ga bindiga a kansa, ga firgita, yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya alhali idonsa ya yaudare shi. Kama da wane ba ta wane.

Kotuna sun san da haka. A shari'ar Ndidi, a 2007, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin fashi saboda raunin irin wannan shaida. Ta ce dole alƙali ya duba tsawon lokacin da mai shaida ya ga mutumin, da irin hasken wurin, da kusancinsu, da ko ya san shi tun da. Idan bai san shi ba, kuma ganin na ɗan lokaci ne, kamata ya yi 'yan sanda su jera wanda ake zargi cikin masu kama da shi, a bar mai shaida ya nuna da kansa.

Damar ɗaukaka ƙara ma, ba kullum ake da ita ba. Dokar soja mai lamba 5 ta 1984 ta miƙa shari'ar fashi ga kotunan musamman, ta toshe wannan hanya, sai a 1999 aka mayar da shari'ar manyan kotuna. Kafin nan, a 1981, an zartar wa Nasiru Bello hukuncin kisa a jihar Oyo alhali ƙararsa na gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce wannan ya saɓa wa doka.

Amma ku riƙe wannan: kotun sama ba ta sake kiran shaidu, takardun shari'ar farko take karantawa. Abin da ba a rubuta ba, da wuya ya yi amfani. Saboda haka ga abubuwa uku.

Na farko, tafinta. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sanar da mutum laifinsa da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, da damar ɗaukar lauya, da damar yi wa shaidu tambayoyi. Ɗan'uwa, in Turancinka na ciniki ne, kada kunya ta sa ka ce kana ji. Ka nemi tafinta tun ranar farko, a rubuta. Kada ka dangwala wa takardar da ba a fassara maka ba.

Na biyu, in kana wani wuri ranar da aka yi fashin, ka faɗa wa 'yan sanda nan take, da sunan wurin da waɗanda kuke tare, domin aikinsu ne su bincika.

Na uku, lokaci. Kwana 90 ne wa'adin kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara, kwana 30 kuma daga can zuwa Kotun Ƙoli. Wanda ba shi da hali, akwai Hukumar Ba Da Agajin Lauya ta tarayya, da ofishin lauyoyin kare talaka na jihar Legas.

Ba ɓarayi muke karewa ba, mu ma ana tare mu a hanya. Sai dai in aka ɗaure marar laifi, ɗan fashin yana nan yana yawo. Ina roƙon ƙungiya ta tanadi asusun lauya, da mutum biyu masu jin Turanci da Yarbanci da za su riƙa bin 'yan'uwa ofishin 'yan sanda.

Allah ya tsare mu da sharrin ƙazafi, amin. Wassalamu alaikum.