Fargabar Jarrabawa a Gidajenmu: Jawabi ga Iyayen Yara na Dutse Alhaji



Jama'a, da lokacin WAEC da NECO ya matso, sai ka ga yaro ya rame, ba ci, ba barci. Wani ya tsoma ƙafa a ruwan sanyi, ya yi ta cin goro har asuba, ya shiga aji kai na sarawa, abin da ya haddace ya gudu. Rashin barci ne ya kawo mantuwar, domin cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana karatu.

To, ina tushen fargabar nan? Yaro ya san sai da kiredit 5, har da Turanci da Lissafi, zai shiga jami'a. Ga kuma JAMB, wadda hedkwatarta ke nan Bwari kusa da mu. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawarta, alhali wasu yaranmu ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. Mu kuma mu ƙara masa da cewa, "Kuɗin rajistar nan bashi na ciwo, in ka faɗi kada ka dawo mini gida." Haba jama'a! Wannan magana kan tura yaro wajen masu sayar da amsa, ƙarshenta a riƙe sakamakonsa.

Mu tuna, a Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara saboda matsalar na'ura da ta ɓata makin ɗalibai sama da 379,000, aka sake musu jarrabawa. Ashe ba kowace faɗuwa ce laifin yaro ba.

Shawararmu uku ce. Ba a fafe gora ranar tafiya: a soma bitar tsofaffin tambayoyi tun farkon aji shida, a kai yaro ya saba da kwamfuta. Na biyu, a sauke wa 'yan mata talla da aikin gida a makonnin jarrabawa. Na uku, a gaya wa yaro tun yau cewa in bai dace ba, akwai ta 'yan waje a ƙarshen shekara. Wanda kuwa muka ga ya daina magana, yana keɓe kansa, a zauna da shi, a kai shi ga likita.

Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, amin. Wassalam.