Amanar Murya: Gardamar Masu Sauraro a kan Littafin Kisan Roger Ackroyd

Matanin laccar da aka gabatar a daren adabi na ɗalibai.



Da aka aiko mini cewa in zo in yi magana a kan littattafan da ake saurara da kunne, sai na ga fagen yana da faɗi ƙwarai, in na ce zan kewaye shi duka za mu kwana a nan ba mu tsinana kome ba. Saboda haka na zaɓi littafi ɗaya tak, da karatu ɗaya, da kuma gardamar da ta ɓarke tsakaninmu, mu 'yan ƙalilan da muka zauna muka saurare shi tare a hutun da ya wuce. Littafin kuwa shi ne The Murder of Roger Ackroyd, watau Kisan Roger Ackroyd, wanda marubuciyar nan ta ƙasar Ingila, Agatha Christie, ta fitar a shekarar 1926. Tun da wuri ina neman gafarar wanda bai san labarin ba, domin tilas ne in tona wanda ya yi kisan, in ba haka ba maganata ba za ta yi kai ba.

Asalin Littafin Sauraro

Kada wani ya zaci ɗaukar littafi da murya sabon abu ne da wayar hannu ta kawo. Tun a 1878, shekara guda bayan ya ƙera na'urarsa ta ɗaukar magana, Thomas Edison ya ambaci karanta wa makafi littafi cikin amfanin da yake hango mata. Abin bai kankama ba sai bayan Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya bar sojoji da yawa ba ido, kuma galibinsu manya ne da koyon rubutun makafi ya yi musu wuya. A 1934 aka fara rarraba irin waɗannan faya-fayai a Amurka. A 1935 Cibiyar Makafi ta Ƙasa da ke Landan, tare da ƙungiyar St Dunstan's mai kula da makafin sojoji, suka fitar da nasu, kowace fuskar faifai tana ɗaukar kimanin minti 25. Cikin littattafan farko da suka ɗauka har da wannan da muke magana a kansa. Daga faifan garmaho aka koma kaset, daga kaset aka koma faifan CD, yau kuma ga shi a cikin waya.

Tun a wancan zamani masu wannan aiki suka yi ta sa-in-sa a kan tambaya guda: shin makaranci aron ido ne kawai, ya karanta sumul ba ƙari ba ragi, ko kuwa ɗan wasa ne da zai shiga rigar kowane mutum a cikin labarin? Wannan tambaya ce ta sake tasowa a zamanmu.

Labarin a Taƙaice

A wani ƙauye da marubuciyar ta ƙaga, mai suna King's Abbot, wata bazawara mai dukiya, Misis Ferrars, ta kashe kanta. Ashe ita ce ta sa wa mijinta guba, wani kuma ya sani, yana ta tatsar ta kuɗin rufin asiri. Kafin ta mutu ta rubuta wa attajirin da ke neman aurenta, Roger Ackroyd, wasiƙa mai ɗauke da sunan wannan azzalumi. Daren da wasiƙar ta iso aka tarar da Ackroyd a ɗakin karatunsa, an soke shi da wuƙa. Hercule Poirot, gogaggen mai binciken nan ɗan ƙasar Beljiyam, ya riga ya aje aiki ya tare a ƙauyen yana noman kabewa, sai aka roƙe shi ya bi diddigi.

Wanda yake ba mu labarin tun daga farko har ƙarshe shi ne likitan ƙauyen, Dokta James Sheppard, maƙwabcin Poirot kuma ɗan rakiyarsa wajen binciken. Shi ne kuma mai tatsar bazawarar, shi ne ya yi kisan. Mai karatu ba ya sanin haka sai a babobin ƙarshe. Abin mamakin shi ne likitan bai shara mana ƙarya a cikin bayaninsa ba. Ya faɗa mana an kawo wasiƙar da ƙarfe 8:40, ya faɗa mana ya fita daga ɗakin da ƙarfe 8:50. Abin da ya aikata cikin waɗannan mintoci 10 ne ya tsallake.

Karatun da muka saurara na Hugh Fraser ne, tsawonsa kimanin sa'a bakwai. Wannan mutum shi ne ya fito a matsayin Kyaftin Hastings, amintaccen abokin Poirot, a wasan talabijin da aka fara nunawa a 1989 aka kammala a 2013. A cikin wannan littafi babu Hastings, ya tafi Ajantina, kuma Poirot da kansa yana kwatanta likitan da tsohon abokin nasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da Masu Sauraro Suka Ce

Da muka kai ƙarshe sai ɗakin ya yi tsit, sa'an nan kowa ya ɗauki magana a lokaci guda. Da ƙura ta lafa sai na ga mun kasu uku.

Kashi na farko suka ce an ci amanarsu. Wata 'yar'uwa mai karatun shari'a ita ce ta fi zafi. Ta ce shaidan da ya ɓoye abin da ya sani, ko da bai furta ƙarya ba, ya yi wa kotu zamba. Ta ƙara da wata hujja da ban iya turewa ba: mai riƙe da littafi yana iya tsayawa, ya koma shafin baya, ya lissafa mintoci da fensir, amma mai sauraro tafiya ake yi da shi, mintocin nan 10 sun wuce ta cikin numfashi ɗaya tana tsakiyar wanke-wanke. Wani daga cikinsu, wanda ya san wasan talabijin ɗin, ya ce shi muryar ce ta kashe shi. Tun jimlar farko ya ji Hastings ne ke magana, mutumin da bai taɓa ganin ya cuci kowa ba, don haka ko a mafarki bai sa likitan cikin waɗanda yake zargi ba.

Wannan ƙorafi tsoho ne. Tun fitowar littafin aka sami masu cewa marubuciyar ta karya ƙa'ida. A 1928 marubuci S. S. Van Dine a Amurka, a 1929 kuma Ronald Knox a Ingila, kowannensu ya tsara dokokin rubuta irin wannan labari, manufarsu ita ce a yi wa mai karatu adalci, a ba shi duk alamun da aka ba mai bincike.

Kashi na biyu ba su ga laifin marubuciyar ba, makarancin suka tuhuma. A ganinsu, da ya isa wurin nan na mintoci 10, ya kamata ya ɗan dakata, ko muryarsa ta ɗan yi rawa, don mai kunnen basira ya sami abin kamawa. Suka ce Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to mai sauraro ba ya ganin fuska, murya ce fuskarsa, ga shi an ba shi murya wadda ba ta nuna kome.

Kashi na uku ba su ce uffan ba a daren. Sun koma sun sake sauraron babobin farko, bayan kwana biyu suka dawo da wani labari dabam. Suka ce duk abin da ake bukata yana nan a fili, kuma natsuwar nan ta muryar, wadda a ji na farko ta yi kama da ta mutumin kirki, a ji na biyu tsoro take bayarwa, alhali ko wasali ɗaya bai sauya ba. Wani ƙaramin ma'aikaci a cikinsu ya yi dariya ya ce shi ai ya saba ganin irin wannan a fayil: rahoton da kowane layi nasa gaskiya ne, amma an cire layin da ya fi kowanne muhimmanci.

Nawa Ra'ayin

Ni ina tare da kashi na uku, kuma ga dalilaina.

Na farko, dole mu rarrabe tsakanin mutum biyu da kunne ke haɗawa wuri guda: mai ba da labari, watau Dokta Sheppard da ke cikin littafin, da makaranci, watau Hugh Fraser da ke gaban na'ura. Makaranci ya san ƙarshen labari kafin ya buɗe baki, don haka amana biyu ce a wuyansa. Akwai ta marubuciya, kada ya tona mata asiri da muryarsa kafin lokaci. Akwai ta mai sauraro, kada ya haɗiye wata alama ko ya bi ta kanta da gudu don ya ɓatar da shi. In ya karanta jimlar mintocin nan da nauyi daidai da na 'yan'uwanta, ya sauke duka biyun.

Na biyu, abin da kashi na biyu suke nema ya saɓa wa halin likitan. Sheppard ba a gaban alƙali yake tsaye yana kyarma ba. Rubutu yake yi a tsanake, da niyyar ya bar tarihin yadda Poirot ya gaza, har ma ya miƙa wa Poirot ɗin abin da ya rubuta ya karanta. A babin ƙarshe kuwa yaba wa kansa yake yi bisa gwanintar da ya nuna wajen tsara waɗancan jimloli. Mutum irin wannan muryarsa ba ta rawa. Da makaranci ya sa mata rawa, da shi ne ya yi ƙaryar da marubuciyar ta ƙi yi.

Na uku, littafin da kansa ya gargaɗe mu game da murya. Da ƙarfe 9:30 na daren kisan, mutum biyu a gidan sun ji muryar Ackroyd daga ɗakin karatu yana hana wani kuɗi, sai kowa ya tabbata yana da rai a wannan lokaci, lokacin da likitan ya riga ya koma gida. Ashe na'urar ɗaukar magana ce likitan ya ɗana ta tashi da kanta, mai muryar kuwa ya riga ya mutu. Yaya Poirot ya gane? Ya lura kalmomin da aka ji ba irin na hira ba ne, irin na wasiƙar da ake shifta wa akawu ne. Mutanen gida sun tsaya ga tambayar muryar wane ce, shi kuwa ya wuce zuwa ga me aka ce, da yadda aka ce shi. Ɗan'uwanmu da ya amince don ya ji Hastings, ramin da mutanen gidan Ackroyd suka faɗa shi ma ya faɗa.

Amma 'yar'uwarmu lauya tana da gaskiya a wuri guda, kuma ba zan hana ta ba. Kunne ba ya waiwaye da sauƙi irin na ido. Wanda yake so ya yi takara da Poirot, ya riga shi gano mai laifi, takarda ta fi masa. Wanda yake so ya ɗanɗana abin da mutanen King's Abbot za su ji in da sun gane likitan da ke shiga ɗakunansu shi ne makashin, to ya saurara. Zafin da ta ji shi ne shaidar cewa karatun ya yi aikinsa.

Masana ma ba su daina jayayya a kan littafin ba. A 1945 mai sharhin adabi Edmund Wilson ya rubuta maƙala yana tambayar wa ma ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd. A 1998 wani malami a Faransa, Pierre Bayard, ya wallafa littafi sukutum yana cewa Poirot ya yi kuskure, 'yar'uwar likitan, Caroline, ita ce ta yi kisan. A 2013 kuma ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya ta zaɓe shi a matsayin wanda ya fi kowanne a wannan fanni.

Abin da Ya Shafe Mu

Jama'a, mai ba da labari da wata manufa a ɓoye ba baƙo ba ne a adabinmu. Akun nan na Magana Jari Ce, na Alhaji Abubakar Imam, ba don nishaɗi kawai yake zuba labarai ba, so yake ya riƙe ɗan sarki Musa har gari ya waye kada ya fita. Bambancin shi ne mu an sanar da mu manufar aku tun farko. Yanzu da ake karanta littattafan Hausa a gidajen rediyo da YouTube, ina roƙon masu wannan aiki, da waɗanda za su shige shi daga cikinku, abu uku. Ku karance littafi duka kafin ku ɗauki shafin farko. Kada ku ba mugu muryar mugunta tun marubuci bai bayyana shi ba. Ku kuma rage cusa sharhinku a tsakiyar labari, ku bar mai sauraro ya yanke hukuncinsa. Ma'aunin karatu mai kyau shi ne ya gamsar da wanda bai san ƙarshe ba, ya kuma gamsar da wanda ya sani ya dawo.

Ku kuma da za ku zauna a kan kujerun ofis, ko kun riga kun zauna, za a kawo muku rahotanni masu tsabta, za a turo muku saƙonnin murya a WhatsApp, a zamanin da kwamfuta ke iya kwaikwayon muryar mutum. Sanin mai murya bai wadatar ba. Ku tambayi abin da aka ce, ku duba ko haka mai maganar ya saba magana, sa'an nan ku lissafa mintocin da ba a ba da labarinsu ba.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi, kuma na hango 'yar'uwar tamu lauya tun ɗazu ta ɗaga hannu.