Amsar Wasiƙunku: Wahalar Da 'Ya'yan Manoma Suka Sha A Filayen Ciyawa Na Amurka

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi, wanda ya ce ya ji wai a zamanin da gwamnatin Amurka ta raba gonaki kyauta. Shi ne yake tambaya, in haka ne, me ya sa ake cewa 'ya'yan waɗanda suka karɓi gonakin sun sha wuya, har da yawa suka rasa rayukansu?

To malam, abin da ka ji gaskiya ne. A shekarar 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka, wadda ta ce za a ba magidanci eka 160, wato wajen hekta 65, muddin ya gina gida ya noma wurin shekara biyar. Filayen nan kuwa na 'yan asalin ƙasar ne, irin su ƙabilar Siyu, waɗanda aka tura gefe da ƙarfin soja. Talakawa daga Jamus da Norwe da Suwidin da gabashin Amurka suka yi ta kwarara zuwa Nebraska da Kansas da Dakota.

Sai dai ka lura da abu guda, domin shi ne tushen wahalar. Kowa a tsakiyar gonarsa yake zaune, ba a haɗu an yi ƙauye ba. Maƙwabcinka yana iya kai mil guda ko fiye, likita kuwa sai an yi tafiyar yini a kan doki. Wurin fili ne fetal, ciyawa iyakar ganinka, itace sai jefi-jefi a bakin rafi. Don haka da yankakkiyar ƙasa mai saiwar ciyawa suke gina ɗaki, da busasshen kashin shanu suke hura wuta.

Yaro a irin wannan gida ba ya zaman banza. Shi ne kiwo, shi ne ɗiban ruwa, shi ne tsintar makamashi. A nan yake gamuwa da maciji, ko harbin doki, ko rijiya marar murfi. Da kaka, in ciyawa ta bushe, gobarar daji takan taso da iska tana gudu fiye da mutum, shi ya sa manomi yakan ja garma ya zagaye gidansa don wuta ta tsaya. A 1874 fara ta sauka ta cinye amfanin gona ƙarƙaf, yunwa ta shiga gidaje. Ga kuma cututtuka irin su mashaƙo, wadda takan ɗauke yara biyu ko uku a gida ɗaya cikin mako guda, don maganinta bai samu ba sai bayan 1890.

Amma abin da har yau ba a manta ba shi ne na ranar Alhamis, 12 ga Janairu, 1888. An kwana biyu ana tsananin sanyi, sai ran nan gari ya waye da ɗumi. Iyaye suka saki jiki, yara da yawa suka tafi makaranta ba manyan rigunan sanyi. Rana na tsaka sai iska ta taso daga arewa maso yamma, ɗauke da dusar ƙanƙara mai laushi kamar gari. Ka san yadda hazon hunturu yake rufe gari? To wannan ya wuce nan, mutum ba ya ganin tafin hannunsa, fatar ido ma daskarewa take yi. Cikin dare sanyi ya kai digiri 30 ƙarƙashin sifiri, a wasu wuraren har ya zarce.

Makarantun nan ɗaki ɗaya ne, malama ɗaya, sau da yawa ita ma yarinya ce. Sai ta zaɓa: ta riƙe yara, ko ta sallame su. Kusa da garin Ord a Nebraska, iska ta ɓalle ƙofar makaranta ta yaye wani sashen rufin. Malamar, Minnie Freeman, 'yar shekara 19, ta haɗa ɗalibanta 13 wuri guda, ta ja su har wani gida, ba wanda ya salwanta. A Plainview kuwa, makamashi ya ƙare wa wata malama mai suna Lois Royce, ta fita da yara uku za su gidan da take zaune nan kusa, suka ɓata hanya. Kafin gari ya waye yaran uku sun rasu a jikinta, ita kuma daga baya aka yanke mata ƙafafu. Adadin da aka fi ambata na waɗanda suka mutu shi ne mutum 235, da yawansu yara ne a kan hanyar gida. Waɗanda malamansu suka tsare su a ɗaki, suka yi ta ƙona benci da tebur har asuba, akasarinsu sun tsira.

Za ka ce, ba a yi gargaɗi ba ne? A lokacin sojoji ne ke duba yanayi, suna aika labari ta wayar tangaraho zuwa garuruwa. Manomin da ke mil goma daga tasha, wa zai gaya masa? A 1891 aka mayar da wannan aiki hannun ma'aikatar gona. Su ma manoman sun san dabararsu, sukan ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa garken dabbobi, don mutum ya bi ta in ido ya kasa.

To malam, ka ji yadda abin yake. Gona kam an samu, amma nisa da jama'a shi ya mayar da ƙaramin hatsari babba. Mai zaman gona da iyali, ko a ina yake, in ya ga sama ta sauya, gara yaro ya kwana inda yake da a ce ya kama hanya.