Jawabin Fasto Mai Kula da Ikilisiya a Bikin Cika Shekara 50: Naƙasassu da Shugabanci a Gidan Allah

  

Tarihin wannan ikilisiya da sunayen bayin Allah da suka yi hidima a cikinta suna nan a waɗansu shafuffuka na wannan ɗan littafi, saboda haka ba za mu maimaita su ba. Magana ɗaya muke so mu ajiye a gabanku yau, ita ce matsayin 'yan'uwanmu makafi da kurame da guragu da waɗanda kuturta ta taɓa, wato waɗanda a yanzu ake kira masu buƙata ta musamman.

MA'ANAR JUBILI

Kalmar nan Jubili daga Littafin Firistoci sura 25 muka samo ta. A shekara ta 50 akan busa ƙaho a dukan ƙasar Isra'ila. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gādonsa sai a mayar masa da ita, wanda kuma ya shiga bauta sai ya koma wurin danginsa. Ashe Jubili lokaci ne na mayar wa mutum abin da yake nasa. Ankon da muka ɗinka yana da kyau, abincin da iyayenmu mata suka kwana suna dafawa shi ma mun gode. Amma domin bikin ya cika sunansa, sai mu tambayi kanmu ko akwai wani a cikinmu da yake da gādo a wannan gida wanda bai kai ga hannunsa ba tukuna.

ƘOFAR DA BISHARA TA BI

Matasa da yawa ba su san yadda bishara ta sami shiga ƙasar Kano ba. A zamanin mulkin Turawa, gwamnati ta daɗe tana hana 'yan Mishan yin wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi. Ƙofar da ta buɗe sosai ita ce ta jinyar kutare. A 1937 Mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da sansanonin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Na Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato yana Amanawa, namu na Kano kuwa da farko a Sumaila yake, nan kusa da mu, daga baya aka koma da shi Yadakunya. Ku dubi sunan nan da kyau, Yadakunya. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya da buta, aka gina masa bukka a bayan gari, shi aka kai wurin da aka ce ya yā da kunya.

A can aka yi musu magani, aka koya musu karatu da rubutu, waɗansu suka koyi aikin ɗaurin miki da ba da magani. Da aka sallame su suka koma ƙauyukansu, waɗansunsu sun koma da Littafi Mai Tsarki a cikin jaka da bangaskiya a zuciya. A 1943 kuma Likita Hursh ya buɗe asibitin ido na Mishan a Kano, wanda har yau yake aiki a hannun ECWA. Mutane nawa ne daga wannan yanki aka ja su da sanda zuwa can, aka cire musu yanar ido, suka komo suna tafiya da kansu?

Wannan yakan tuna mana da labarin da ke cikin 2 Sarakuna sura 7. Suriyawa sun kewaye birnin Samariya da yaƙi har yunwa ta kai mutane maƙura. Kutare huɗu da suke zaune a bakin ƙofar birni su ne suka fara gane cewa magabta sun gudu sun bar abinci. Suka ci suka sha, sa'an nan lamirinsu ya hana su yin shiru, suka koma suka faɗa wa matsaran ƙofa. Sarki da fadawansa da jarumawansa duk suna cikin birni, amma ta bakin waɗanda aka bari a waje Allah ya aiko da albishir.

IYAYENMU NA FARKO

Dattawan da ke zaune a nan gaba shaidu ne cewa haka ya faru a wannan wuri. Sa'ad da masu bi na farko suke taruwa a gindin tsamiya, kafin a sami ko rumfar kara, mutum ɗaya ne kaɗai a cikinsu ya iya karatu, shi ne wani baba da ya komo daga Yadakunya. Cutar ta cinye masa yatsu, da gefen hannu yake juya shafi. Shi ya buɗe ajin karatu da dare a hasken aci-balbal, kuma waɗansu daga cikin waɗanda suka zama dattawa da masu wa'azi a baya, a gabansa suka fara haɗa baƙi da wasali. Akwai kuma wata mama makauniya wadda ta haddace waƙoƙin sujada masu yawan gaske. Shekara da shekaru ita take ba da waƙa a Zumuntar Mata, in kuwa mata biyu suka sami saɓani, a ɗakinta ake kashe maganar kafin ta kai kunnen fasto.

A lokacin ba wanda ya tsaya yana ƙirga yatsun malamin, gama ana bukatar abin da ke kansa. Da aka sami ginin bulo da kujeru da masu takardun makaranta, sai wurin zaman irin waɗannan bayin Allah ya yi ta matsawa baya a ikilisiyoyi da yawa na ƙasarmu, har ya zama ba a tunawa da su sai ranar rabon hatsi da zannuwan Kirsimati. Taimako abu ne mai kyau, kada a fasa. Amma wanda kullum ake miƙa wa, ba a taɓa tambayarsa shawara ba, an rage masa wani abu da buhun gero ba zai biya ba.

ABIN DA YA SĀKE A SHEKARA 50

Allah ya nuna mana manyan canje-canje da idonmu. Kuturta ƙwayar cuta ce take kawo ta, kamar yadda wani likita mai suna Hansen ya gano a ƙasar Norwe tun 1873. Ba gādo ba ce, ba kuma la'ana ba. Tun 1981 aka fito da haɗin magunguna da ke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Wanda ya fara shan magani ba ya sa wa kowa. Abin da ke cinye yatsu shi ne jinkiri, jinkiri kuwa kunya ce take kawo shi. Duk wanda ya ga wani tabo a fatarsa da ya yi fari-fari ko ja-ja, wanda in an taɓa ba ya ji, ya tafi asibiti tun da wuri.

Shan inna, wanda kakanninmu suka ɗauka aikin iska ne, shi ma cuta ce da ɗigon rigakafi yake tarewa. Mun ga abin da ya faru da aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano a 2003 har zuwa 2004, yadda cutar ta sāke bazuwa. Mun kuma ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ba da sanarwa cewa an raba nahiyar Afirka da asalin ƙwayar cutar. Duk da haka ma'aikatan lafiya suna ci gaba da zagayawa, kada uwa ta ɓoye ɗanta in sun zo. Annobar sanƙarau ta 1996 ta bar yara da yawa a ƙasar Kano ba sa ji. Yaran nan yanzu magidanta ne da matan aure, waɗansu suna tare da mu kowace Lahadi, suna kallon bakin mai wa'azi.

Ta wajen hukuma kuma, a watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga domin mai keke da mai sanda su iya shiga, ta kuma ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin shekara 5 ɗin nan ya cika tun 2024. In gwamnati ta ga wannan ya dace, ikilisiya ai ita ya kamata ta riga kowa.

SHUGABANCI

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cewa naƙasa ba ta hana riƙon jama'a. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta rigima da kai kukan mutanensu gaban hukuma. Sai dai sarautarsu a kan 'yan'uwansu ta tsaya. Abin da muke faɗi yau ya wuce nan. Muna cewa makaho mai tsoron Allah yana iya zama dattijo a kan masu ido.

Mun san akwai masu kawo Littafin Firistoci sura 21, inda aka hana zuriyar Haruna masu lahani a jiki miƙa hadaya a bagade. Wannan ka'ida ta firistocin alfarwa ce, masu nuna hoton cikakkiyar hadaya da ke zuwa, hadayar kuwa ta cika a kan gicciye. Sa'ad da Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti da Titus irin mutumin da za a zaɓa ya kula da ikilisiya, halinsa ya lissafa, da yadda yake riƙon gidansa, da kamewarsa wajen kuɗi da abin sha, da iya koyarwa, da shaidar da na waje suke ba da a kansa. Ku karanta 1 Timoti sura 3 a gida, ba za ku sami ƙafa ko ido a cikin lissafin ba. Musa ya kawo kukan nauyin baki, Allah bai janye kiransa ba, sai ya haɗa shi da Haruna. Yakubu da ɗingishi ya ƙarasa kwanakinsa, shi ne kuwa aka sa wa suna Isra'ila. Mefiboshet ɗan Jonatan ya gurgunce tun yana shekara 5. Sarki Dawuda ya sa aka ɗauko shi daga Lodebar, ya mayar masa da dukan gonakin kakansa Saul, ya kuma zaunar da shi a teburinsa tare da 'ya'yan sarki. Wannan shi ne Jubili.

A zamaninmu ma muna da misali. Marigayi Bitrus Gani-Ikilama ya makance tun yana yaro, ya yi karatu a makarantar makafi ta Gindiri wadda Mishan ta SUM ta buɗe a 1953. Ya zama babban ma'aikacin gashin ƙashi da motsa jiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa gidauniyar taimakon makafi a Zariya. Da an ba shi ƙoƙon bara maimakon makaranta, da Arewa ta yi babbar hasara ba ta sani ba.

Wannan ikilisiya ta riga ta koyi zama da bambanci. Tarihi ya ce daga nan Gaya wani maƙeri mai suna Kano ya tashi neman tama har ya zauna a gindin Dala, saboda haka mu 'yan ƙasa ne na asali. Duk da haka Allah ya haɗa mu a kujera ɗaya da Fulani masu bi, da malamai da ma'aikatan lafiya daga Filato da Kudancin Kaduna, da 'yan kasuwa daga Kudu, har mun zaɓi waɗansunsu dattawa, mun kuwa ji daɗin riƙonsu. Tsintsiyar da ta ɗaure kabilu dabam dabam ba za ta kasa ɗaure mai gani da marar gani ba.

ABIN DA MUKE ROƘO

Domin kada maganar ta tsaya a wannan rumfa, mun kawo roƙo biyar gaban majalisar dattawa da dukan ikilisiya.

1. Daga cikin baikon wannan biki, a fara da zuba gangare na siminti a ƙofar majami'a da hanyar hawa bagade, a kuma gyara makewayi ɗaya. Wanda sai an ɗauke shi kafin ya shiga sujada, wata rana nauyin mutane zai sa ya zauna a gida.

2. Kuramen ƙasar Kano suna da harshensu, maganar hannu. A zaɓi matasa biyu, namiji da mace, ikilisiya ta ɗauki nauyinsu su koya sosai, domin a riƙa fassara wa'azi da sanarwa kowace Lahadi.

3. Kowane yaro mai naƙasa a gidajenmu ya shiga makaranta. Akwai makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano, akwai ta Gindiri. Iyayen da kuɗin mota da na guzuri ya fi ƙarfinsu su zo wurin dattawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Matasa masu waya su sa wa makafinmu da tsofaffinmu Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ake saurara da kunne, su kuma nuna musu yadda ake kunna shi.

5. A zaɓen dattawa da shugabannin ƙungiyoyi mai zuwa, kada a tsallake sunan kowa saboda jikinsa. A auna shi da ma'aunin da ake auna kowa. Haka kuma in maganar aure ta taso, kada iyaye su hana saboda kakan yaro ko na yarinya ya taɓa zama a Yadakunya.

Ku kuma 'yan'uwanmu da wannan magana ta shafa kai tsaye, muna roƙonku kada ku jira sai an zo an lallashe ku. In an kira taron ikilisiya ku zo, ku yi magana. In an ba ku aiki ku riƙe shi da aminci, in kun yi laifi kuma za a tsauta muku kamar kowa, gama wannan ma yana cikin daraja.

Yawancinmu da muke zaune a nan gaba ba za mu ga bikin shekara 100 ba. Ido ya fara dushewa, gwiwa ta fara ƙara, gangaren da za a zuba domin gurgu mu ma za mu bi ta kansa ba da daɗewa ba. Addu'armu ita ce, sa'ad da jikokinmu za su buga nasu ɗan littafin, a sami sunayen makafi da kurame da guragu a jerin dattawa da fastocin wannan gida, ba wanda zai ga abin mamaki a ciki.

 Allah ya ba shugabannin ƙasarmu hikima, ya ba mu damina mai albarka, ya riƙe ikilisiyarsa har ranar zuwan Ubangijinmu. Amin.

Naku a cikin hidimar Ubangiji,
Fasto Mai Kula da Ikilisiya